Namu Bai Sayu Ba, Nasu Ba Ya Jira

Ku yi mini afuwa 'yan uwa, na kwana biyu ban leƙo ku ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko an sa rana ne na ɓuya, wallahi ba a sa komai ba. Abin da aka sa kawai gidanmu ne, shi ma a kasuwa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har abokan aikina a kantin maganin da nake tsayuwa tun safe har yamma. Mu biyu ne wajen Umma, ni da Yaya, shi yana wani gari da iyalinsa. Baba ya rasu ya bar mana gidan bene da ya gina lokacin da gwiwar kowa lafiya lau. Yanzu gwiwoyin Umma sun ƙi. Ɗakinta yana sama, banɗaki mai kyau yana sama, ita kuwa ta fi shekara ba ta taka matakalar nan ba. A falo take kwana, bayan wani labule mai ruwan ƙasa da na ɗaura mata da igiya daga taga zuwa ƙusar agogo.

Shi ya sa muka yi shawara a sayar, a ba Yaya rabonsa, mu haɗa nawa da na Umma mu sayi ƙarami wanda ba shi da matakala. Kuma na samo shi. Ɗaki biyu da falo, tayil ɗinsa ba mai santsi ba, banɗakin yana da faɗin da kujera za ta shiga, daga ƙofarsa kana hango katangar asibiti. Ranar da na fara shigarsa tsayawa na yi a kicin ina ta buɗe famfo ina rufewa kamar wata yarinya. A zuciyata har na riga na ajiye gadon Umma kusa da taga.

Matsalar ɗaya ce. Ba mu da abin sayen wancan sai an sayi wannan. Wannan kuwa ya ƙi sayuwa.

Kun san me ake nufi da zama a gidan da ke kasuwa? Gidanka ne amma kai baƙo ne. Rabin kayanmu na cikin kwalaye da na roƙo a wajen aiki, duk jikinsu sunayen magunguna. Tukwanenmu na cikin kwalin maganin tari, hotunan Baba na cikin na maganin hawan jini. Duk ranar hutuna, maimakon in miƙe ƙafa, sai dillali ya kira ya ce ga masu gani nan tafe. In tashi in goge, in share, in naɗe labulen Umma, in tura katifarta bayan kujera, in fesa turare saboda warin man zafi, in sa doguwar riga mai kyau in tsaya ina murmushi mutane suna buɗe mana durowa.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar tana zaune a kan kujera da carbi a hannu.

Ranar hutun da ta wuce wasu mata da miji suka zo. Mijin dogo ne mai sanyin magana, matar kuma da tsohon ciki, tana tafe tana dafa bango. Dillali na gaba yana zuba, babbar rigarsa na sharar ƙasa.

"Ku dubi ginin nan, ginin da ne, ba irin na yanzu ba. Bangon nan ko ƙusa sai ka roƙe ta take shiga."

Suka gaishe da Umma, ta amsa da fara'a, har da tambayar mai ciki ya jiki. Na ce a raina yau kam an dace. Sai mijin ya ɗaga kai yana duban silin.

"Fenti ne sabo," in ji Umma, ba wanda ya tambaye ta. "Auta ce ta sa aka shafa don a rufe tabon yoyo. Idan ruwa ya sauko, nan muke ajiye babban baho."

"Umma, ai an gyara."

"An gyara bara ma, an gyara bara waccan." Ta juya wajen matar. "Kuma 'yata, famfon sama sai ya ga dama. Maƙwabcin bayanmu yana da janareta, idan ya tayar har cokula rawa suke. Matakalar nan ta uku daga ƙasa ta fi sauran tsayi, marigayi ne ya yi lissafinsa. Ki yi a hankali da cikin nan."

Dillali ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mama akwai barkwanci."

Da suka fita ya ja ni gefe bakin get, ya cire hula ya share gumi.

"Ranki ya daɗe, gaskiya ɗaya ce. Ni ina kawo masu saye, Mama tana korarsu. Ko dai ki riƙa kai ta unguwa idan za mu zo?"

"In kai ta ina da gwiwar nan?"

"To. Ga kuma maganar wancan gidan. Mai shi ya gaji da jira, akwai wani da ke zagayawa. Ya ce idan da gaske kuke, ku ajiye kafin alƙalami ya riƙe muku na ɗan lokaci. Amma ki sani, idan lokacin ya cika naku bai sayu ba, abin da kika ajiye ya tafi ke nan."

Abin da zan iya ajiyewa shi ne duk abin da na tara tunda na fara aiki. Duk tsayuwar nan, duk kumburin ƙafar nan. In ɗauka in ɗora a kan gidan da uwata ke tallata yoyonsa? Na ce masa zan yi shawara.

Shawara kuwa ta zo da kanta, ban nema ba. Kafin in cire mayafi saƙonnin muryar Yaya sun jeru a waya, kowanne dogo kamar wa'azi.

"Auta, dillali ya kira ni. Ki ajiye kuɗin nan kawai, me kike jira? In gidan can ya kuɓuce, ina za ki samu irinsa?"

Na biyu: "Kuma ki yi wa Umma magana. Ke ce a kusa, ke take jin maganarki."

Na uku, muryarsa ta yi ƙasa, ina jin kukan ƙaramarsu a baya: "Ba wai matsa miki nake ba. Shagona ne ya tsaya, kin san halin da ake ciki. Ki yi haƙuri da ni."

Na ukun nan ya fi ci mini rai, don da faɗa ya ci gaba da yi, da na samu abin ramawa. Na rubuta masa "To Yaya" na kife wayar. Shi yana can yana ba da umarni da baki, ni ce nan da tsintsiya.

Sai kuma Mai Tabarau.

Haka na sa masa a waya tun ranar da na kai Umma gwajin ido, ya yi ta canza mata gilashi yana tambaya "wannan ko wancan?" ita kuma tana cewa duk ɗaya ne, bai ƙosa ba har ta gaji ta faɗi gaskiya. Mutum ne mai haƙurin da wani lokaci har haushi yake ba ni. Ya daɗe yana neman in ba shi dama manyansa su zo, ni kuma amsata ɗaya: bari a gama maganar gida.

Washegari da na tashi aiki na tarar da motarsa a gaban kanti. Ina sanye da farar rigar aiki da ta sha tabon biro a aljihu, hijabina ya yamutse, takalmina flat duk ya buɗe baki. Shi kuwa fes, rigarsa mai ruwan toka ko layin guga bai karye ba. Na shiga na zauna, ya miƙo mini ruwa mai sanyi na sha.

"Kin rame."

"Na gode. Abin da mace ke son ji ke nan bayan aiki."

Ya yi murmushi, ya gyara tabarau. Idan ya gyara tabarau da yatsa biyu na san akwai magana.

"An mayar da ni sabon reshen da aka buɗe. Ba nan garin ba, da nisa. Ƙarshen wata zan tafi."

Na dubi robar ruwan da ke hannuna. A raina na ce shi ke nan, kai ma ka zo da naka wa'adin.

"Allah ya sanya alheri," na ce.

"Iyakar abin da za ki ce ke nan?"

"Me kake so in ce? Dillali na jiran amsa, Yaya na jiran amsa, mai gida na jiran amsa. Kowa ya riƙe agogo a kaina. Kai kaɗai ne ba ka riƙe ba, yau kai ma ka ɗauko naka."

"Ban ɗauko agogo ba, Auta. Gaya miki na yi don kada ki ji a bakin wani." Ya sake gyara tabarau. "Maganar kafin alƙalamin nan, idan kin yarda ni zan iya…"

"A'a."

"Ba ki bari na ƙarasa ba."

"Na san ƙarshenta. A'a."

Bai ja ba. Ya sauke ni a ƙofar gida, ya ce in gaishe da Umma. Ina tsaye har motar ta sha kwana, sannan na tuna ban ko tambaye shi sunan garin ba. Ku faɗa mini gaskiya, wace irin budurwa ce wannan?

Da safe kafin in fita, ina zaune a ƙasa ina shafa wa Umma man zafi a gwiwa, maganar ta fito da kanta.

"Umma, in ba kya son a sayar, ki faɗa mini. In mayar da tukwane inda suke, in huta."

"Ni na ce ba na so?"

"Ba ki ce ba. Amma kowa ya zo sai kin nuna masa inda baho yake zama."

"Ƙarya kike so in yi da girmana?"

"Ba ƙarya ba. Shiru."

Ta janye ƙafarta, ta ja zane ta rufe. Ta daɗe tana kallon matakalar nan da ta gagare ta.

"Nan ko tari na yi, maƙwabciya ta san tarina ne, za ta leƙo. Can wa ya san ni? Ki kai ni ki ajiye kusa da asibiti, ki shimfiɗa mini gado, ki rataya labule, sannan ki ɗauki jakarki ki bi mai tabaraunki. In zauna ina kallon katanga."

"Ni ban ce zan tafi ba."

"Ai shi ya fi damuna." Ta dube ni. "In kin tafi na shiga uku. In kin zauna saboda ni na shiga tara. Kina tsammanin ban ga yadda kike ja wa yaron nan rai ba? Da gidan nan kike fakewa, ni ma da shi nake fakewa. Mu biyu mun riƙe bango ɗaya."

Na rufe kwalbar man, na wanke hannu, na tafi aiki da idanu jajur. Wata mai sayen magani har ta ba ni shawarar in gwada na ciwon ido.

Ban ajiye kafin alƙalamin ba. Dillali ya kira, ya sake kira, na ce masa ya ƙara mini haƙuri. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ce gara in ga namu ya motsa tukuna.

Ya kuwa motsa, ta inda ban zata ba. Yau da rana ogana ya sallame ni da wuri, ina shigowa na ji dariya a falo. Matar nan mai ciki ce ta dawo ita kaɗai, ba miji ba dillali. Ta cire takalmi ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura kan kwalin maganin tari, ita da Umma suna shan shayi. Labulen na nan a ɗaure, katifa a shimfiɗe, warin man zafi ko'ina. Kunya ta kama ni.

"Ki zauna," in ji matar. "Mama ce ke ƙarasa mini lissafin aibin gidan. Mun kai kan ɓeraye."

"Sai da sanyi suke zuwa," in ji Umma.

Matar ta yi dariya har tana riƙe ciki. Sannan ta ajiye kofi.

"Mama, tunda aka yi aurenmu a ɗaki ɗaya muke, a gidan 'yan uwan mijina. Ko kuka zan yi sai na duba wa ke tsakar gida. Ga yara biyu, ga wannan na tafe. Ke kaɗai ce kika gaya mana gaskiya a duk gidajen da muka gani. In silin nan ya yi yoyo, ai yoyona ne. Da kaina zan sa bahon."

Na ga Umma ta kawar da kai ta goge ido da bakin mayafi.

"Ɗakin sama na dama shi ne mai iska," ta ce. "Nan na yi jegon Auta. Ki sa gadon jaririn nesa da taga."

Kafin la'asar mijin ya zo da wani wansa. Aka kira Yaya a waya aka sa shi a lasifika, aka yi ciniki, Umma da bakinta ta ce ta sallama. Sharaɗinsu ɗaya, suna so su tare kafin haihuwa. Wanda ya ga cikin nan kuwa ya san ba a maganar watanni.

Ban damu ba. Ai muna da wajen zuwa. Na haura sama da gudu, ina tsallake matakala ta uku kamar yadda na saba tun ina ƙarama, na kira dillali ina haki.

"An saya! Ka gaya wa mai gidan gobe da safe ina tafe."

Shiru. Mutumin da ko numfashi ba ya yi tsakanin magana.

"Ranki ya daɗe… ai na yi ta kiranki."

"Me ya faru?"

"Mutumin nan da na ce miki yana zagayawa. Yau da hantsi ya biya, har an ba shi makulli. Wallahi na roƙa miki, mai gidan ya ce ya gaji da jin 'a ƙara haƙuri'. Amma kada ki damu, akwai wani mai kyau, hawa ɗaya ne kacal…"

Na kashe. Na zauna a ƙasan ɗakin Umma na da, wanda ba komai a cikinsa sai sawun ƙafafun gado a kan leda. Ban yi kuka ba, gajiyar ta wuce kuka. Mun sayar da inda muke, mun rasa inda za mu. Da na ajiye kuɗin nan, da yanzu ina auna labule. Waya ta yi ƙara, saƙon Yaya ne da alamar hannu biyu sama: "Alhamdulillahi Auta, kin yi ƙoƙari!" Bai sani ba tukuna.

Na sauko a hankali. Baƙi sun tafi, Umma na tattara kofuna daga inda take zaune. Kallo ɗaya ta yi mini.

"An riga mu ko?"

Na ɗaga kai.

Na zaci za ta yi salati, ko ta ce ai ga irinta. Sai kawai ta nuna mini gefen katifa.

"Zauna. Yaron nan ya zo shekaranjiya kina wajen aiki."

"Wane yaro?"

"Yara nawa gare ki? Ya ce tabarauna ya zo dubawa. Ya duba, ya goge, ya sake gogewa, har na ce masa ɗana in magana ce ka yi ta, gilashin zai ƙare." Ta ɗan murmusa. "Ya ce gidan da suka ba shi a can na ƙasa ne. Akwai wani sashe a gefe da ƙofarsa daban, da banɗakinsa. Ya ce shi tasa uwar ta rasu, kuma ba zai iya raba wata da tata ba. Kansa a ƙasa yake maganar, gumi har wuya."

Umma fa. Umman da ko gaisuwarsa daga bayan labule take amsawa.

"Umma, gidan suruki? Yaya zai ce yana raye…"

"Yayanki ɗaki biyu gare shi da yara huɗu, a hawa na uku. Kunyar kuma na ji ta, na kwana da ita, na gama jinta na ajiye. Kina tsammanin don yoyo kaɗai na sallama wa yarinyar can?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce ni dai zan iya. Amma ba ni yake nema ba, ya je ya ji daga bakin mai ita. Na kuma ce kada ya gaya miki sai an ga yadda gidan nan ya yi, don kada ki ce an haɗa miki kai."

'Yan uwa, a nan ne kaina ya kulle. Da makon jiya ne ya tambaye ni, ina da gida a gaba da gida a baya, in na ce eh, ya san shi na zaɓa. Yau fa? Yau ba ni da inda zan ajiye gadon uwata. In na ce eh yau, ta yaya zai san shi nake so ba sashen gefe mai banɗaki ba? Ni kaina ta yaya zan sani?

Wayata ta yi haske a kan cinyata. Mai Tabarau.

"Ina ƙofar gida. Ba sauri nake ba."

Na dubi jikina. Rigar aiki ce har yanzu, da tabon biron. Umma ta miƙa hannu bayan kujera, ta buɗe kwalin maganin mura, ta zaro mayafina mai ruwan zuma wanda na yi mako ina nema. Ta kaɗe shi, ta ɗora mini a kafaɗa.

"Ni na gama nawa cinikin," ta ce. "Tashi ki je. Kuma kada ki ce masa a ƙara haƙuri, kin dai ga abin da ta jawo yau."

Na tashi. Daga falo zuwa get ɗinmu ba wata tafiya ba ce, amma na kai hannu kan sakata ban san da wace amsa zan buɗe ba. Ta ƙasan ƙofar ina hango takalmansa, a gefensu kuma wasu takalman, na dattijo, da ƙasan sanda.

Ashe ba shi kaɗai ya zo ba.